Madubin hangen nesa, waya ko littafi: wanne mai kallon tsuntsayen tafki zai fara mallaka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sanyin safiya a bakin wani tafki na cikin gari, ko na Jabi ne a Abuja, ko dam ɗin Kubanni da ke harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko tsofaffin ramukan haƙar kuza na Rayfield a Jos waɗanda ruwa ya cike, ko ma ɗaya daga cikin kududdufan birnin Kano da suka tsira daga cikewa da gini, ya san inda ido yake gazawa. Balbela da hankaka da shirwa ba su buƙatar bincike, domin yaro ma ya san su. Amma da zarar mutum ya hango wasu duhu-duhu goma sha biyar jere a kan tudun laka a tsakiyar ruwa, ko wani ɗan ƙaramin abu ya gilma ya shige cikin ciyawa ya ci gaba da kuka daga can, sai tambaya ta taso wadda ido kaɗai ba ya amsawa. Daga nan ne mai sha'awa yake fara tunanin kayan aiki, kuma abubuwan da aka fi ba shi shawara guda uku ne: madubin hangen nesa, manhajar gane tsuntsaye a waya, da littafin zane-zanen tsuntsaye. Mai halin mallakar ukun a rana ɗaya ba shi da damuwa. Mai damuwa shi ne wanda aljihunsa bai wuce abu guda ba, kuma ba ya son ya zuba kuɗinsa a inda zai yi da na sani.

Kafin a auna kayan, ya kamata a lura cewa aikin da ke bakin tafki iri biyu ne, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce. Agwagin daji manya ne, sukan daɗe a wuri ɗaya suna barci ko suna gyara gashi, amma ba su yarda mutum ya matso, saboda haka matsalarsu nisa ce. Ƙananan tsuntsayen bakin ruwa kuwa sau da yawa ba su wuce taku goma daga inda mutum yake tsaye ba, sai dai ba su zama, kuma rabin rayuwarsu a cikin ciyawa da ganye suke yin ta. Abin da ya warware matsalar nisa ba lallai ne ya warware ta ɓuya ba, kuma a kan wannan bambanci ne zaɓin ya rataya.

A kan agwagi, babu abin da ya kama ƙafar madubi. Madubin da ke kusanto da abu sau 8 yana mayar da agwagwar da ke nisan mita 80 kamar tana mita 10, kuma a wannan tazara ne siffofin da ake gane ta da su suke bayyana. Agwagwar dajin da aka fi gani a ruwayenmu ita ce kirinjijiya, mai dogon wuya da dogayen ƙafafu, wadda ke tsayawa a miƙe, fuskarta fara, ƙeyarta baƙa, ƙirjinta ja mai duhu, haƙarƙarinta kuma da ƙananan zane-zane na fari da baƙi. Namiji da mace kamanninsu ɗaya. Tana da 'yar'uwa mai irin tsayuwarta da girmanta, wadda jikinta ruwan zuma ne, ba ta da farar fuska, amma tana da farin zane mai lanƙwasa a gindin wutsiya wanda ake gani sosai idan ta tashi. Da ido zalla daga nesa, garken da ya haɗa su biyun garken agwagi ne kawai. Wani abin da ke ƙara rikita sabon shiga shi ne farar fuskar kirinjijiya takan ɓaci da laka ta koma ruwan ƙasa, 'ya'yanta da ba su gama girma ba kuma fuskarsu toka-toka ce, don haka wanda ya riƙe farar fuska kaɗai a matsayin shaida zai yi kuskure. Madubi ne ke ba mutum damar barin fuskar ya duba haƙarƙari da ƙeya.

Haka nan madubi ke raba agwagwa da masu kama da ita. Akwai wani ɗan tsuntsu mai iyo, ƙarami, mai tsinin baki, wanda kamar ba shi da wutsiya, yana nutsewa ya ɓace ya ɓullo a wani wuri daban. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ɗan agwagwa, alhali dangin ma ba ɗaya ba ne. Kazar ruwa tana iyo tana gyaɗa kai, da jan goshi da rawaya a ƙarshen baki da fari a ƙarƙashin wutsiya. Inda bado ya rufe ruwa kuma, mai haƙuri yana iya dacewa da agwagwar nan 'yar mitsitsiya wadda tsawonta bai wuce santimita 30 da 'yan kai ba, wadda namijinta ke da farar fuska da koren tabo a gefen kai da rawayan baki. Tana zama shiru a tsakanin ganyen bado tana cin 'ya'yansa, har mutum ya wuce ta bai sani ba. Dinya ce kawai ba ta buƙatar madubi, tunda ita ce mafi girma a cikin agwagin Afirka, tsawonta yakan kai mita guda, baƙa ce, cikinta fari. Ita ma agwagwar gida mai jan tsiro a fuska, wadda masu gidajen kusa da tafki kan sake ta yi wanka, ba ta da wuyar ganewa, kuma ba ta shiga lissafin tsuntsayen daji; asalinta ma daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu aka yaɗa ta duniya.

Sai dai madubi suna ne da ya tara nagari da na banza, kuma a nan ne mutane suka fi asara. A jikin kowanne akwai lambobi biyu, misali 8x42. Ta farko ita ce yawan kusantowa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita. Idan aka raba ta biyu da ta farko, sai a sami faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga ido: a 8x42 milimita 5.25 ne, a 10x42 milimita 4.2, a ƙaramin madubin aljihu mai 10x25 kuwa milimita 2.5 kacal. Da tsakar rana wannan bambanci ba ya nuna kansa sosai, domin ƙofar da haske ke shiga ido takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3. Amma tsuntsaye sun fi motsi bayan asuba da dab da magariba, lokacin da haske ya yi ƙaranci ido ya buɗe, kuma a sa'an nan ne ƙaramin madubi ke dushewa, mai 42 kuma ya ci gaba da nuna launi. Ga wanda zai je tafki kafin ya wuce wurin aiki, ko bayan la'asar sakaliya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Tsakanin 8 da 10 kuwa, zuciya takan raya wa mai saye cewa babbar lamba ta fi, amma riba kaɗan ce, kuɗin da ake biya a kanta kuma da yawa. Agwagwar nan ta mita 80 za ta zo mita 8 maimakon 10. A madadin haka, filin da ake gani yana raguwa, rawar hannu tana ƙaruwa daidai da ƙaruwar kusantowa, kuma neman ɗan tsuntsun da ke tsalle daga reshe zuwa reshe yana ƙara wuya, domin kafin a kamo shi a cikin ƙunƙuntaccen fili ya bar wurin. A tafki mai faɗi irin na Jabi, inda yawancin abin kallo ke can nesa, mai 10x42 yana da hujja. A kududdufi ko ƙaramin tafkin lambun shaƙatawa, inda mutum zai raba hankalinsa tsakanin ruwa da bishiyoyin gefe, 8 ya fi dacewa, kuma shi nake zaɓa wa sabon shiga ba tare da dogon tunani ba. Akwai kuma 8x32, wanda ya fi sauƙi a wuya da a hannu, ɗigon haskensa milimita 4, ya kuma wadatar a ƙasa mai rana irin tamu in ban da farkon wayewar gari. Ga yaro ko dattijo ko wanda zai yi doguwar tafiya a ƙasa, sauƙin nauyin ya cancanci abin da aka rasa.

Abin gudu shi ne madubin da ake rubuta wa manyan lambobi irin 30x60 ko 60x60 alhali bai fi tafin hannu ba, mai gilashi ja wur ko ruwan goro yana ƙyalli. Lambobin ƙarya ne, kuma da gaskiya ne ma da bai amfanu ba, tunda babu hannun da zai riƙe kusantowa sau 30 ba tare da hoton ya yi ta rawa ba. Jan shafin da ke kan gilashin yana sauya launin abin da ake kallo, wanda ga mai son raba ja mai duhu da ruwan zuma ɓarna ce tsantsa. Masu zuƙowa da rage zuƙowa su ma galibi filinsu ƙunci gare shi. Araha ba ta ado, kuma a wannan fanni tsohon madubi mai inganci na hannu ya fi sabo fil na bogi. Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne ƙurar hunturu: madubin da aka rufe shi ruf don kada ruwa ya shiga, ƙura ma ba ta shiga, wanda ba a rufe ba kuwa bayan hunturu biyu ko uku sai a ga hazo a cikinsa inda tsumma ba ya kaiwa. Gilashin waje ma ba a goge shi da bakin riga yana da ƙura, sai an fara hure ta, domin ƙurar tana karce shi.

Akwai wani nauyi da madubi ke ɗora wa mai shi wanda waya da littafi ba su da shi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A halin tsaron da ake ciki, mutumin da ya tsaya yana leƙen nesa da na'ura yana jawo ido. Wanda zai yi kallo a wurin da ke da masu gadi, ya fara zuwa ya gaishe su ya faɗi abin da ya kawo shi, in ya yiwu ya miƙa musu madubin su duba da kansu, domin wanda ya ga kirinjijiya ta cika masa ido sau ɗaya ba ya sake tuhuma. Kada a juya shi wajen barikin soja ko ginin gwamnati ko katangar gidan mutane, haka kuma gefen da mata ke wanki ko yara ke wanka.

Waya kuma babbar fa'idarta ita ce tana aljihu tun kafin a fara maganar saye. Manhajar da ta fi shahara ita ce Merlin, ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, wadda ta fito a 2014, kuma kyauta ce. Ana sauke kundin tsuntsayen yankin da mutum yake sau ɗaya, daga nan tana aiki ko babu intanet. Hanyoyinta uku ne. Ta farko tambayoyi ne biyar: a ina aka ga tsuntsun, yaushe, girmansa, launukansa, da abin da yake yi, sai ta jero waɗanda suka fi kama. A wajen girma, ma'aunin da ta kafa na tsuntsayen ƙasarsu ne, don haka mai amfani da ita a nan zai fassara wa kansa matakan da gwara da kurciya da hankaka da dinya, kuma lissafin zai fita daidai gwargwado. Hanya ta biyu hoto ne, ta uku kuma sauti, wanda aka ƙara a 2021.

Hanyar hoton tana da kyau idan hoton yana da kyau, kuma a nan gizo ke saƙa. Kyamarar waya an yi ta ne don fuskar mutum da faɗin wuri, ba don abu mai tsawon santimita 40 a nisan mita 80 ba. Idan aka zuƙo da yatsa, a yawancin wayoyi ba kusantowa ake yi ba, faɗaɗa hoton kawai ake yi, sai a sami wani dunƙulen duhu wanda manhaja ba za ta iya cewa komai a kansa ba, ko kuma ta faɗi abin da ba shi ba. Wato a kan agwagi, waya ita kaɗai ba ta ƙara wa ido komai. Amma idan akwai madubi, ana iya ɗora idon kyamarar a kan gilashin da ake leƙawa a ɗauki hoto ta cikinsa. Yana buƙatar saiti da haƙuri, hoton kuma ba na ratayewa a bango ba ne, amma yakan isa a gane tsuntsu, musamman agwagwar da ke barci ba ta motsi. Wannan dabara ita kanta hujja ce ga madubi, domin shi ne ke ɗaga darajar wayar.

Inda waya ke da abin da sauran biyun ba su da shi shi ne kunne. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a cikin kacalla da dogayen ciyayin bakin ruwa maganar juyewa take yi. Akwai ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa, wasu 'yan gida, wasu baƙi daga Turai da ke zuwa cin rani, waɗanda ko ƙwararru ba su cika raba su da ido ba sai da murya, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kirinjijiya ma tana da fito mai gaɓa uku da ake jin sa da dare idan garke na wucewa sama, ita kuwa 'yar'uwarta mai ruwan zuma nata gaɓa biyu ne. Manhajar tana ɗauke da muryoyin da aka naɗa, mutum ya saurara ya gwada da abin da ya ji, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin sauke ta. Sashen da ke sauraro ya faɗi suna da kansa kuwa an fara gina shi ne a kan tsuntsayen Amurka da Kanada, aka bi da na Turai, kuma saninsa da muryoyin Afirka bai kai na can ba. Sau da yawa tsuntsu zai yi ta rera kuka a gabanka allon ya yi shiru, ga kuma ƙarar janareta da babura da lasifika da ba a rasa su a tafkin cikin gari. Abin da ta faɗa shawara ce da za a bincika, ba hukunci ba. Wani gargaɗi kuma: kunna muryar tsuntsu da ƙarfi don a jawo shi fili yana tayar masa da hankali, musamman lokacin sheƙa, kuma gara a bar shi.

Illar waya da na fi jin tsoro ba ta na'ura ba ce, ta ɗabi'a ce. Wanda ya saba a ba shi suna cikin daƙiƙa biyar ba ya koyon kallo. Zai tara sunaye hamsin, amma ran da caji ya ƙare, ko hasken rana ya hana shi ganin allo, ba zai iya faɗin abin da ya raba wannan da wancan ba.

Littafi shi ne maganin wannan illa. Wanda masu kallon tsuntsaye a yankinmu suka fi dogara da shi shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey, wanda bugunsa na biyu ya fito a 2014, ya kuma ƙunshi nau'in tsuntsaye wajen 1,300, da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi duk a cikinsa. Ƙarfinsa shi ne jera 'yan'uwa a shafi ɗaya, an zana su a tsayuwa iri ɗaya, namiji da mace da ɗa, ta yadda ido zai ga bambancin da kansa, ga kuma ƙaramar taswira da ke nuna ko tsuntsun yana zuwa yankinka ko ba ya zuwa. Zane ya fi hoto a wannan aiki, domin mai zane yana fito da alamar da ta dace, hoto kuwa yana kama tsuntsu ɗaya ne a haske ɗaya.

Amfanin littafin ya fi fitowa a kan ƙananan tsuntsaye da rani. Da damina namijin mulufi ja ne da baƙi kamar garwashi, namijin marai kuma rawaya ne da baƙin kai yana saƙa sheƙarsa a reshen da ya leƙa ruwa, babu mai ɓata a kansu. Da ruwa ya ɗauke sai su zubar da wannan ado su koma launin ƙasa mai zane-zane kamar matansu, kusan kamar gwara, har sabon mai kallo ya ɗauka sun yi ƙaura alhali suna gabansa. A lokacin sai an duba kaurin baki da launin ido da tsawon wutsiya, abubuwan da littafi ya jera gefe da gefe. Haka ma ƙaramar agwagwar nan da ke haihuwa a Turai da Asiya ta zo ta yi hunturu a Sahel, wadda littattafan ke kira garganey. Manyan garkunanta a dausayin Haɗejiya da Nguru da yankin Tafkin Chadi suke sauka, amma 'yan tsiraru na iya yada zango a ruwan cikin gari. Namijinta yana da faffaɗan farin zane daga saman ido zuwa ƙeya, sai dai wannan ado ba ya cika sai wajajen Fabrairu, dab da komawarsu. A farkon zuwansu duk launin ƙasa suke kamar mata. Wanda bai ga zanen kamannin biyu ba zai yi ta neman farin zane a watan Nuwamba bai same shi ba.

Raunin littafi a fili yake. Yana da tsada da wuyar samu a shagunanmu, yana da nauyi a jaka, ba ya kuka, kuma ba ya kusanto da komai: wanda bai ga alamar ba, babu shafin da zai nuna masa ita. Yawan abin da ke cikinsa ma yana tsorata sabon shiga, domin tsuntsayen da zai gani a tafkin unguwarsu a shekara guda ƙaramin kaso ne na wannan adadi. Sannan da shi da manhajar duk da sunayen Turanci da na kimiyya suke magana. Sunayen Hausa a bakin masunta da mafarauta da manoman fadama suke, wasu kuma suna cikin ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934, kuma sukan bambanta daga gari zuwa gari. A nan littafi yana da wani amfani da ban zata ba sai da na gani: idan aka buɗe shi a gaban dattijon masunci, yakan ɗora yatsa a kan zane ya faɗi suna da lokacin zuwan tsuntsun da abin da yake ci, sai a rubuta a gefen shafi da fensir.

Kyamara mai dogon zuƙowa wasu kan kawo ta a matsayin zaɓi na huɗu. Tana ajiye shaida, amma ta fi duk ukun tsada, kuma mai ita yakan shagala da neman hoto har ya manta da kallon abin da tsuntsun ke yi. Ba da ita ake farawa ba.

Idan aka ɗora ukun a sikeli, hukuncina shi ne kuɗin farko ya tafi ga madubi mai 8x42 ko 8x32, a sauke manhajar a rana ɗaya tunda ba ta cin ko kwabo sai ɗan data, littafi kuma ya jira har sai mutum ya fara cin karo da tsuntsayen da manhajar ta kasa raba masa, abin da yakan faru da zuwan rani na farko. Dalili shi ne waya da littafi suna ba da suna ne ga abin da aka riga aka gani, madubi kuwa shi ke sa a gani, har da abubuwan da ba suna ba ne: yadda tsuntsun nan mai dogayen yatsu ke taka ganyen bado bai nutse ba, namijinsa kuma ya kwashi 'ya'ya a ƙarƙashin fukafukai ƙafafunsu na reto, ko yadda mai kamun kifin nan mai fari da baƙi ke tsayawa cak a sama yana kaɗa fukafukai kafin ya faɗa ruwa. Wannan hukunci yana da togaciya biyu. Wanda kuɗinsa ba zai sayi madubin kirki ba, kada ya sayi na bogi don ya huce takaici. Ya fara da waya da ɗan littafin rubutu, ya mai da hankali ga na kusa da ba su gudun mutane, irin su asisi mai shuɗin ƙirji, wanda namijinsa ke da jan tabo a kunci, ya kuma nemi masu fita kallo tare. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a 2015, ya dogara ne da 'yan sa-kai da ke rubuta abin da suka gani a manhajar BirdLasser, kuma a cikin irin waɗannan ƙungiyoyi madubi ɗaya yakan zaga hannu da yawa. Togaciya ta biyu ta malamin makaranta ce ko uban da zai fita da yara da yawa, wanda littafi zai fi yi masa aiki, domin kai biyar suna iya sunkuyawa a kan shafi ɗaya.

Ranar saye, sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin ba ya cin minti biyar. A riƙe madubin nesa da fuska a fuskanci sarari mai haske, ban da rana kanta, wadda kallonta ta cikin madubi yana ƙona ido. Ɗigon hasken da ke cikin kowane gilashin leƙawa ya zama da'ira sosai, idan ya yi kusurwa huɗu da inuwa a gefe to gilashin ciki mai araha ne. A kalli wayar lantarki ko bakin rufin wani gini da ke nesa, idan layin ya rabu biyu ko ido ya ji ana jan sa, ɓangarorin biyu ba su daidaita ba, kuma ciwon kai zai biyo baya. A gwada abu na kusa, domin madubin da ke iya fayyace abin da ke mita 2 ko 3 shi ne zai yi aiki a kan ƙananan tsuntsaye. Mai sa tabarau ya leƙa da tabaransa a fuska bayan ya murɗe ko ya naɗe robar bakin gilashin ƙasa, ya tabbata yana ganin da'irar gaba ɗaya. Daga nan a saita shi da idon mai shi: a rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, a murza abin saitin tsakiya har idon hagu ya ga rubutun wani allo sarai, sannan a rufe na hagu a murza ƙaramin zoben da ke gilashin leƙawa na dama har shi ma ya fito, a lura da inda alamar zoben ta tsaya don a mayar da ita wurin duk lokacin da wani ya ara ya dawo da shi.